Yadda Ake Saita Gyaran Mai na Kai-da-kai Lokacin da Inji Yake Ɗumama

Tambayar da ta fi zuwa mini daga waɗanda suka cire ƙwaƙwalwar kamfani (kwamfutar da ke sarrafa mai da wuta) daga injinsu, suka ɗaura irin su MegaSquirt, Speeduino, Haltech ko Link, ita ce dalilin da ya sa mota ke tafiya sumul idan ta yi zafi, amma da safe ta riƙa shaƙewa, silo yana hawa yana sauka, wani lokaci ma ta mutu a mahaɗar farko. Sau da yawa matsalar tana wurin gyaran mai na kai-da-kai, wato tsarin da ƙwaƙwalwar ke karanta sensar lamda da ke jikin salansa, ta kwatanta da adadin da aka ce ta nema, sannan ta ƙara mai ko ta rage. A manhajar TunerStudio ana kiransa EGO. A nan zan kira shi gyara-kai.

Inji mai sanyi ba ya iya mayar da fetur tururi yadda ya kamata, domin wani ɓangaren man yana maƙalewa a bangon hanyar iska da bangon silinda. Saboda haka ake ƙara masa mai, aikin da cok ke yi a motocin kafireto. Idan gyara-kai ya kama aiki da wuri, kuma an ce masa ya nemi lamda 1.00 (wato iska da mai daidai wa daida; sama da haka mai ya yi kaɗan, ƙasa da haka ya yi yawa), to man da ka ƙara da gangan shi zai bi ya kwashe. Matakan da ke tafe an jera su ne domin a hana wannan karo, kuma tsarinsu ya fi kowane adadi da zan ambata muhimmanci.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai kyau, da manhajar ƙwaƙwalwar, da manhajar duba rikodi irin MegaLogViewer, da mitar awon lantarki, da sensar lamda mai faɗin awo irin Bosch LSU 4.9 tare da na'urar da ke tafiyar da ita. Sensa mai ƙaramin awo, wadda wutarta ke lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ba za ta yi wannan aiki ba, domin kusa da lamda 1.00 kawai take faɗin gaskiya. A tanadi filogi saiti ɗaya na ajiya da kuɗin juyen baƙin mai bayan an gama. TunerStudio tana da nau'in kyauta wanda ya isa a yi aikin da hannu, sai dai gyaran tebur na atomatik yana cikin nau'in da ake saya. Sensar lamda ita ce abin da ba zan ba da shawarar a yi wa ƙoron kuɗi ba, don jabunta ya yi yawa a kasuwa.

Babban abin da za a kashe shi ne lokaci. Tashin sanyi na gaskiya ɗaya ake samu a rana, bayan mota ta kwana, kuma aikin yakan ci safiya biyar zuwa bakwai.

1. Tabbatar injin yana kaiwa zafinsa

A garejinmu an saba cire tamostat, a kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye da makulli, da sunan kare inji daga zafi. Motar da aka yi wa haka tana iya yin tafiyar safiyar hunturu gaba ɗaya ruwanta bai kai digiri 70 ba, wanda ke nufin ƙarin man ɗumi ba zai ɗauke ba, gyara-kai kuma ba zai kunnu ba. A mayar da tamostat, a bar ƙwaƙwalwar ko makunnin zafi ya riƙa sarrafa fanka. A rikodi ya kamata a ga layin zafin ruwa ya hau a hankali, ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 90, gwargwadon tamostat ɗin injin.

2. Gwada sensar zafin ruwa da ta iska

Da safe, kafin a taɓa kik, a murɗa makulli a duba abin da sensar ruwa da ta iska ke nunawa. Tun da motar ta kwana, dole su yi kusa da juna kuma su yi kusa da zafin gari, bambancin bai wuce digiri biyu ko uku ba. Idan sun saɓa, an zaɓi jadawalin sensa da ba nata ba. Sensar Bosch da aka saba gani tana ba da kimanin om 2,500 a digiri 20 da kimanin om 320 a digiri 80, alhali ta GM tana da nata lissafin daban, don haka a auna da mita a shigar da abin da aka gani.

Gargaɗi: duk abin da za a gina nan gaba a kan wannan awo yake zaune. Kuskuren digiri goma a nan zai karkatar da jadawalin ɗumi gaba ɗaya.

3. Duba sensar lamda da salansa

Wannan mataki ne ya fi cin motoci, don haka zan daɗe a kansa. Sensar lamda iskar oksijin da ta rage a hayaƙi take bi. Duk abin da ya shigar da iska cikin salansa kafin wurin sensar, ita a wurinta mai ne ya yi kaɗan. Tsagewar manifol ko gasket da ya saki sun fi buɗewa lokacin da ƙarfe yake da sanyi, sannan su matse idan ya yi zafi, shi ya sa ɓarnarsu ta fi fitowa daidai lokacin da muke magana a kai. Na taɓa shafe safiya uku ina ƙara wa wata mota mai saboda rikodi yana nuna lamda 1.08 a mintuna biyun farko, har sai da na kwance filogi na gan su baƙi wuluk suna warin fetur. Da na haska tocila ƙarƙashin manifol, sai ga wani siririn zanen baƙin hayaƙi a gefen gasket na silinda ta huɗu, tsawonsa bai kai farce ba. Da aka sauya gasket ɗin, man da na ƙara duka sai da na cire shi.

Haka nan silindar da ta ƙi kamawa tana tura iskarta cikin salansa ba tare da ta ƙone ba, sensar ta ce mai ya yi kaɗan, gyara-kai ya ƙara mai, filogi ya ƙara jiƙewa. Idan injin yana da famfon da ke hura iska cikin salansa lokacin tashin sanyi, kamar yadda ake samu a motocin Turai da yawa, a kashe shi kuma a toshe hanyarsa yayin wannan aiki.

Sensar ta zauna a saman bututu, aƙalla digiri 10 sama da kwance, domin ruwan da ke taruwa a salansa da dare kada ya kwanta a bakinta. LSU 4.9 tana aiki ne a wajen digiri 780, kuma idan ta yi zafi sosai kafin inji ya tashi, ɗigon ruwan sanyi da hayaƙin farko ya watso yana iya tsaga tangaran ɗin da ke cikinta. Saboda haka a ba ta wuta daga layin da ke kamawa tare da tashin inji, kada a bar makulli a buɗe na mintuna tana ɗumama a banza. Kada kuma a tayar da inji tana cikin salansa ba wuta, domin hayaƙi zai toshe ta.

Daga ƙarshe a kwatanta abin da agogon sensar ke nunawa da abin da ƙwaƙwalwar ke karantawa. Idan sun bambanta, galibi wayoyin ƙasa na na'urorin biyu ba wuri ɗaya aka ɗaure su ba. Inda akwai hanyar CAN, wato layin da na'urori ke aika wa juna bayanai a lambobi, ita ta fi, don ba ta da wannan matsala.

4. Gama teburin mai da inji mai zafi

Ƙarin man ɗumi kaso ne da ake ninkawa a kan teburin VE, wato babban teburin mai na ƙwaƙwalwar, don haka idan teburin yana da rami, ramin zai bi ka har cikin sanyi. Da inji mai cikakken zafi, a gyara teburin har gyara-kai ya daina wuce kashi uku zuwa biyar cikin ɗari. A ba da kulawa ta musamman ga ɗakunan teburin da injin ke zama a cikinsu da safe, wato juyi 1,100 zuwa 1,500 da ɗan nauyi sama da na silo, domin silon sanyi ya fi na zafi tsayi, kuma mutane da yawa ba sa taɓa gyara waɗannan ɗakuna. A kuma tabbatar an shigar da lokacin jinkirin buɗewar nozul daidai da ƙarfin batir, saboda bayan kik wutar batir tana sauka sannan ta hau, kuma a silo ɗan kuskure a nan yana zama kaso mai yawa.

5. Kashe gyara-kai, ɗauki rikodin safe

A mayar da hurumin gyara-kai, wato iyakar abin da zai iya ƙarawa ko ragewa, sifili, ko a kashe shi baki ɗaya. A kashe yanke mai na sakin totur. Bawul ɗin silo ma a bar shi yana bin jadawalin zafi kawai, ba ya farautar wani juyi da kansa. A kunna rikodi kafin a yi kik, a tayar da inji ba tare da taka totur ba, a bar shi a silo, AC da fitilu a kashe, har fanka ta kama. Abubuwan da ake so a gani su ne zafin ruwa, zafin iska, juyi, MAP (matsin iskar da ke hanyar shiga inji), lamda, wutar batir, kason WUE (ƙarin man ɗumi) da na ASE (ƙarin man bayan tashi).

Gargaɗi: a yi wannan a fili. Inji mai sanyi da mai da yawa yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kashewa a rufaffen gareji.

6. Gyara jadawalin ƙarin man ɗumi

Da farko a zaɓi lamdar da ake so a kowane zafi. Abin da nake farawa da shi a injin fetur na yau da kullum shi ne 0.90 a wajen digiri 15 zuwa 20, sai 0.94 a digiri 40, sai 0.98 a digiri 60, sai 1.00 daga 70 zuwa sama. Ga mai karanta agogonsa da ma'aunin iska da mai, inda lamda 1.00 take 14.7, lamda 0.90 ita ce 13.2, 0.94 kuma 13.8. Waɗannan wurin farawa ne. Abin nema shi ne mafi ƙarancin man da injin zai zauna lafiya da shi, domin man da ya wuce buƙata yana wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara cikin kwanon mai.

Lissafin mai sauƙi ne: a ninka tsohon kason da lamdar da aka gani, a raba da lamdar da ake so. Idan a digiri 30 jadawalin yana kan 125, rikodi ya nuna 0.98, ana kuma neman 0.92, sabon adadi zai zama 133. A yi haka a kowane ɗaki, sannan a kalli layin gaba ɗaya a daidaita shi ya gangaro a hankali ba tsalle. Ɗakin ƙarshe dole ya zama 100, kuma a ajiye shi ƙasa kaɗan da zafin da tamostat ke riƙewa, in ba haka ba motar za ta yi ta shan ƙarin mai duk tsawon yini. Gobe da safe a sake ɗaukar rikodi a maimaita.

Gargaɗi: kada a yi amfani da karatun daƙiƙoƙin farko. Kafin sensar ta yi zafi, na'urarta tana aika wani tsayayyen adadi wanda ƙwaƙwalwar ke fassarawa kamar lamda ce, alhali ba awo ba ne. A rikodi za a gan shi a matsayin miƙaƙƙen layi, sannan kwatsam ya fara motsi.

7. Raba ƙarin bayan tashi da ƙarin ɗumi

ASE ƙarin mai ne na ɗan lokaci bayan inji ya kama, wanda ke narkewa cikin daƙiƙoƙi. Tun da yawancin aikinsa yana faruwa kafin sensar ta farka, da kunne da layin juyi ake gyara shi. Idan injin ya kama, bayan daƙiƙa biyu ko uku ya nemi mutuwa sannan ya farfaɗo, ASE ya yi kaɗan ko yana ƙarewa da wuri. Idan yana gurnani da nauyi, hayaƙi yana yaji a ido, ya yi yawa. Kada a gyara wannan matsala da WUE.

8. Faɗa wa gyara-kai abin da zai nema

A nan hanya ta rabu biyu. Wasu ƙwaƙwale suna da jadawalin da ke sauya lamdar da ake nema gwargwadon zafin ruwa. Idan taka tana da shi, sai ka shigar da adadin mataki na 6, ta yadda a digiri 40 gyara-kai zai nemi 0.94 maimakon 1.00. Amma a duba ko ƙwaƙwalwar tana saka lamdar da ake nema cikin lissafin mai, domin idan tana yi, sauya abin neman kaɗai zai ƙara mai, a haɗe da WUE ya zama an ƙara sau biyu. Idan haka ne, sai a sake rikodi a rage WUE.

Idan ba ta da irin wannan jadawali, to abin da ke teburin zafi shi kaɗai za ta nema, kuma maganin shi ne a hana ta aiki har sai zafin ya kai inda injin zai jure wannan adadi. Ba na ganin wannan a matsayin naƙasu. Jadawalin ɗumi da aka gyara da kyau yana riƙe mota na mintuna biyar ɗin farko ba tare da taimakon kowa ba.

9. Shimfiɗa sharuɗɗan kunnuwa

Jinkirin bayan tashi ya zarce lokacin da sensar ke ɗauka ta farka, ya kuma zarce ƙarewar ASE. A duba duka biyun a rikodi, a ɗauki mai tsawo, a ƙara daƙiƙa goma. Yawanci ana faɗawa tsakanin daƙiƙa 30 da 45. Zafin kunnuwa a fara shi daga digiri 70. Ga mai jadawalin mataki na 8, ana iya sauke shi zuwa 40, daga baya 30. Ga wanda ba shi da shi, a riƙa rage digiri biyar kowace safiya, a tsaya a inda silo ya fara rawa, a koma mataki ɗaya baya.

Mafi ƙarancin juyi a ajiye shi ƙasa da silo idan ana so ya yi gyara a tsaye, amma sama da juyin kik. A hana shi aiki idan an take totur sosai, da lokacin ƙarin man taka totur, da lokacin yanke mai da ɗan lokaci bayansa, domin salansa a lokacin iska ce zalla a ciki.

10. Hurumi da sauri

Hurumi shi ne iyakar abin da aka yarda ya ƙara ko ya rage. A lokacin sanyi kashi biyar cikin ɗari ya isa. Wanda ya ba shi kashi ashirin ya ba sensar da ta lalace ko silindar da ta ƙi kamawa damar kashe masa inji. Idan kullum gyaran yana manne da iyaka, jadawalin ne bai yi ba, sai a koma mataki na 6. Yanzu ma lissafin ya fi sauƙi: idan WUE yana kan 118 a digiri 45, gyara-kai kuma ya zauna a 95, wato yana rage kashi biyar, sabon adadi 112 ne.

Saurin gyara yana bin lokacin da hayaƙi ke ɗauka daga silinda zuwa sensa. Don auna shi, da inji a silo da gyara-kai a kashe, a ƙara mai kashi shida a lokaci guda, a duba a rikodi tsawon lokacin da lamda ta ɗauka kafin ta motsa. A ce an sami kashi shida cikin goma na daƙiƙa. Inji mai silinda huɗu a juyi 900 yana kunna wuta sau 30 a daƙiƙa, wato sau 18 a wannan tazara. A silon sanyi na juyi 1,300 kuwa sau 43 ne a daƙiƙa, wato kusan sau 26 a wannan tazara. Don haka a tsarin gyara mai taku-taku, a sa taku ɗaya ya zama kashi ɗaya, a kuma ba shi kunnawa 26 ko fiye tsakanin taku da taku. Idan aka sa ƙasa da jinkirin, ƙwaƙwalwar za ta sake gyara kafin ta ga sakamakon gyaran farko, lamda ta shiga lilo, silo ya bi ta.

A tsarin PID kuwa, wato tsarin gyara mai ma'auni uku, P da I da D, a bar D a sifili, a fara da P da I ƙanana, a riƙa ɗaga I har gyaran ya kai inda ake so cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Da zarar an ga lilo mai maimaita kansa, a rage da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai bayan mai ya natsu za a mayar da gyaran bawul ɗin silo, shi ma a sannu, domin idan biyun suna gudu da sauri ɗaya kowanne zai riƙa bin ɓarnar ɗan'uwansa.

11. Hana koyon dogon lokaci cikin sanyi

Ƙwaƙwale irin su Haltech da Holley suna adana gyaran da suka yi a wani tebur na dindindin. Idan aka bar wannan koyo yana aiki lokacin da WUE ko ASE suke sama da sifirin ƙari, kuskuren sanyi zai shiga teburin da ake amfani da shi da zafi, motar da take lafiya da rana ta fara sauya hali. Shi ya sa Holley Sniper ba ta fara koyo sai ruwa ya kai digiri 160 na Faranhait, kimanin 71 a namu ma'auni. A sa zafin fara koyo sama da ɗakin ƙarshe na WUE, a kuma share abin da aka koya a baya idan ana zargin ya gurɓata. VE Analyze na TunerStudio, wato gyaran tebur na atomatik, shi ma yana da matatar zafin ruwa, kada a sauke ta.

12. Gwaji a hanya da sauran lokutan shekara

Ba wanda ke jiran fanka ta kama kafin ya fita, don haka a safiya ta ƙarshe a tayar da mota, a jira rabin minti, a tafi a hankali da rikodi a kunne. Idan tana tuntuɓe da zarar an taɓa totur, ƙarin man taka totur na lokacin sanyi za a ɗaga, kada a taɓa WUE. A mayar da yanke mai na sakin totur, amma ya kama aiki daga digiri 60 zuwa sama. A gwada da AC da fitilu.

A kuma gwada tashin zafi: a kashe mota bayan doguwar tafiya, a jira minti goma sha biyar, a tayar. Sensar iska takan sha zafin ƙarƙashin bonet ta nuna fiye da gaskiya, ƙwaƙwalwar ta rage mai, kuma a wannan lokaci gyara-kai yana cikin jinkirinsa. Maganin yana wurin ASE na ɗakunan zafi ko sauya wa sensar iska mazauni.

Ɗakunan jadawalin da ba a kai gare su ba, a cike su da ƙiyasi mai bin gangaren layin, a karkata wajen ɗan ƙarin mai. Wanda ya yi aikin a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, da wuya ya ga ruwan injinsa ƙasa da digiri 25 da asuba, don haka ɗakunan 10 zuwa 20 za su jira hunturun Disamba da Janairu, mai zuwa Jos kuma ya fi kowa buƙatar su. A adana fayil ɗin kowace safiya da kwanan wata tare da rikodinsa, a kwance filogi a duba launinsu, sannan a juye baƙin mai, domin safiyoyin farko na gwaji sun riga sun zuba masa fetur.